Mutum a kan sikeli cikin lif

Laraba da daddare.

Bayan isha'i ina shirin kwanciya sai ga ƙanwata 'yar aji biyar na sakandare da littafin Fiziks a hannu. "Yaya, don Allah duba min wannan, gobe malam zai karɓa."

Tambayar ita ce: mutum mai kilo 60 yana tsaye kan sikeli a cikin lif, lif ɗin ya tashi sama yana ƙara gudu da 2 m/s² (wato kowane sakan gudunsa na ƙaruwa da mita 2 a sakan). Me sikelin zai nuna? Har ta rubuta Newton 600 (Newton shi ne ma'aunin ƙarfi), wai ai shiga lif ba ya sa mutum ƙiba.

Ta wani ɓangaren tana da gaskiya. Jan da ƙasa ke yi masa yana nan yadda yake, 60 sau 10 (10 ɗin ita ce g, ƙarin gudun da jan ƙasa ke ba abin da ke faɗuwa; a takardar 10 aka ba su, ko da yake 9.8 ya fi kusa). Sai dai sikeli ba wannan yake aunawa ba. Abin da ya sani kawai shi ne ƙarfin da ƙafa ke danna shi, shi kuma yake tokare ta. In har lif zai ƙara wa mutum gudu zuwa sama, dole tokarewar ta rinjayi jan ƙasa. Saboda haka R = m(g + a), inda R ita ce tokarewar, m kilo ɗin mutumin, a kuma ƙarin gudun lif: 60 sau 12, Newton 720.

Ta yi shiru, alamar bai shiga ba. Na ce ta tuna jan guga a rijiyar gidan Inna: in ka fizge shi da sauri igiya ta fi yi maka nauyi a hannu, alhali ruwan bai ƙaru ba. Nan ta gyaɗa kai.

Inda muka daɗe shi ne kashi na uku na tambayar, lif yana hawa amma yana rage gudu da 2 m/s² zai tsaya. Ita dai tunda sama ake tafiya, tarawa za a yi. A'a. Ba inda lif ya dosa ake dubawa ba, yadda gudunsa ke sauyawa ake dubawa. A nan debewa ce, 60 sau 8, Newton 480. In kuwa gudun bai sauya ba, ko hawa ko sauka, 600 ne cif. Ni a ganina haddace "sama a tara, ƙasa a debe" shi ke kayar da yara a WAEC.

Da kanta ta tambaya, to in igiyar lif ta tsinke fa? Na ce ta yi debewa, m(g − a), ta saka darajar a daidai da ta g ta gani. Ta lissafa, ta samu sifili, ta ce, "Tab, Allah Ya kiyaye." Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta kwashi littattafanta, har da birona.