Asabar a Agege: tsara kwana shida tsakanin duwatsu da tafkunan Suwizalan

Bayan azahar Alhaji ya iso da takardarsa. Garuruwa bakwai ya rubuta: Zurich, Janeba, Luzern, Zermatt, Interlaken, sai Como ta Italiya da Hallstatt ta Ostiriya, duka cikin kwana shida na hutun Agusta, da Hajiya da yara biyu, ɗan shekara 13 da 'yar shekara 9. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ɗaukar kaya ne, ba hutu ba." Ya ce ba ƙasar ƙarama ce ba? Ƙarama ce a taswira, amma dutse ne ke raba gari da gari. Daga Interlaken zuwa Zermatt kaɗai fiye da awa biyu ne a jirgin ƙasa, Hallstatt kuwa wuni guda za ta ci. Duk sauya otal yana cinye rabin yini: a haɗa jaka, a bar ɗaki da hantsi, sabon ɗakin kuma ba a ba da shi sai wajen ƙarfe uku. Muka soke biyar. Masauki biyu suka rage: dare biyu a Luzern, dare uku a Interlaken. Sunayen ƙananan wurare na bar su yadda suke a allon tasha, don su ne ido zai nema a can.

Dalilin dare biyar maimakon shida shi ne tikitin da ake kira Swiss Travel Pass. Ana sayar da shi na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15 a jere, kuma ranar sauka da ranar tashi duk a cikin lissafi suke. Wanda ya ƙara dare ɗaya ya shiga kwana na bakwai, sai dai ya sayi na takwas ya yi asarar guda. Tikitin ya ɗauke jirgin ƙasa da bas da jirgin ruwan tafki. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 kuma kyauta suke tafiya da iyayensu, matuƙar an karɓi katin iyali. Mutane na manta wannan katin su biya wa yara kuɗi a banza.

Babu jirgin da ke tashi daga Legas kai tsaye zuwa Zurich, sai an yada zango a Farankfot ko Faris ko Istanbul. Idan a Farankfot ko Faris ne, a nan za a duba biza, don haka kada ratar da ke tsakanin jiragen biyu ta gaza awa biyu. Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin Zurich, daga nan kuma kusan awa ɗaya ce zuwa Luzern. Ranar farko ban sa komai ba sai yawo a bakin tafki da tsallaka gadar katakon nan ta Kapellbrücke, wadda aka gina a ƙarni na 14, gobara ta ci yawancinta a 1993 aka sake gyara ta. Mutumin da ya kwana a zaune cikin jirgi ba a kai shi hawan dutse.

Rana ta biyu aka yi muhawara a kai: dutsen Pilatus ko dutsen Rigi. Jirgin Pilatus mai haƙori, wanda ke tashi daga Alpnachstad tun 1889, babu jirgi irinsa da ya kai shi tsananin hawa a duniya, amma mai wancan tikiti zai biya rabin kuɗi. Rigi kuwa tikitin ya ɗauke shi gaba ɗaya: jirgin ruwa daga Luzern zuwa Vitznau, kimanin awa ɗaya, sai jirgin dutse na farko a Turai, na 1871, ya kai ka ƙololuwa mai tsayin kusan mita 1,800 cikin rabin awa. Ga iyalin mutum huɗu, Rigi na zaɓa. Hanyoyin samansa ma sun fi sauƙi ga Hajiya, wadda gwiwa ke damu.

Rana ta uku jirgin Luzern zuwa Interlaken, ta mashigar Brünig, awa biyu ba minti kaɗan, kowace awa yana tashi. Abin lura: Interlaken tasha biyu gare ta, Ost da West. Jiragen hawa dutse da jirgin ruwan tafkin Brienz daga Ost suke tashi, na tafkin Thun kuma daga West. Otal kusa da Ost ya fi musu. Da yamma su shiga jirgin ruwan Brienz, su sauka a Giessbach su ga magangarar ruwa, amma a duba lokacin jirgi na ƙarshe tun kafin a sauka, domin da wuri yake tashi.

Sai babbar magana, wadda ta ɗauke mu har la'asar. Alhaji so yake a saya masa tikitin Jungfraujoch yau yau, a rubuta rana, hankalinsa ya kwanta. Na hana. Tashar nan tana kan mita 3,454, babu tashar jirgin ƙasa da ta fi ta tsayi a Turai, kuma tun 1912 ake hawa. Tikitinta ya fi komai tsada a tafiyar, ragin kashi 25 cikin ɗari kawai wancan tikitin ke bayarwa daga Grindelwald ko Wengen zuwa sama. Idan gajimare ya rufe, abin da za ka gani a can fari ne fat, kamar ka leƙa cikin kwanon kunu, kuma ba a mayar wa kowa kuɗi don hazo. Saboda haka rana ta huɗu da ta biyar na bar su ba suna. Da dare a duba manhajar hasashen yanayi ta MeteoSwiss, da asuba a duba kyamarar da ke nuna saman dutsen kai tsaye a intanet. Ranar da sama ta washe ita ce ta Jungfraujoch, ɗayar kuma ta kwari. A watannin cunkoso ana kama kujera a jirgin da ke ƙarasawa Jungfraujoch, sai a yi hakan da zarar an tsayar da rana. A hau da sassafe, domin a Agusta hadari bayan azahar ya fi haɗuwa.

Wajen hawan akwai tarko ɗaya. Jirgin da ke barin Interlaken Ost yana rabuwa biyu a Zweilütschinen: wasu taragun su nufi Lauterbrunnen, wasu Grindelwald. A karanta abin da ke rubuce a jikin taragon kafin a zauna. Mai zuwa sama ya bi na Grindelwald, ya sauka a tashar Grindelwald Terminal, ya shiga motar igiya ta Eiger Express da aka buɗe a Disamba 2020, minti 15 zuwa Eigergletscher, daga nan jirgi ya shige cikin dutse.

Sanyi kuma lissafinsa mai sauƙi ne: kowane mita 1,000 na hawa zafi na sauka da kusan digiri shida da rabi. Interlaken ba ta kai mita 600 ba, ke nan idan ƙasa tana 22, sama tana wajen 3 ko 4, ban da iska. Rigar sanyin hunturun Kano ba za ta yi ba. A sa riga uku bisa juna, ta waje mai tare iska, da safar hannu, da takalmi mai kama ƙasa, da baƙin tabarau, don hasken ƙanƙara na kashe ido. Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, su kuwa za su wuce shi da mita dubu cikin awa biyu. Iskar can ba ta cika huhu: a yi tafiya a hankali, a sha ruwa, awa biyu sun isa. Alhaji na shan maganin hawan jini, na ce ya ga likitansa kafin a saka wannan rana a lissafi.

Ranar kwari ko da yayyafi ba ta ɓaci. Minti 20 ne zuwa Lauterbrunnen, inda ruwan Staubbach ke zubowa daga kusan mita 300, sai a hau Mürren, ƙauyen da mota ba ta shiga. Alamar hanya mai ruwan ɗorawa ta kowa ce. Mai fari da ja da fari ta masu takalmin dutse ce, su bar ta.

Hajiya ta bugo waya tana tambayar abinci. Na ce, "Hajiya, tsiran da suke kira cervelat akwai alade a ciki, narkakken cukunsu na fondue da giya ake haɗa shi, dankalin rösti kuma sau da yawa ana barbaɗa masa naman alade, sai an tambaya." Interlaken na da gidajen abincin halal saboda baƙi Larabawa. A ɗauki ɗaki mai kicin, a yi cefane a Coop ko Migros. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke sai na tasha, haka ma 1 ga Agusta, ranar ƙasarsu. Kuɗinsu faran ne, ba yuro ba. Soket ɗinsu bai karɓar filogin nan namu mai kusurwa, a tafi da adafta. Alƙibla a can kudu maso gabas take, agogonsu na gaba da namu da awa ɗaya a wannan lokaci, magariba kuma sai bayan takwas.

Ranar komawa fiye da awa biyu ce daga Interlaken zuwa filin jirgin Zurich ta Bern, don haka jirgin yamma na sa a nema.

Saura biza. Kuɗinta yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, da inshorar lafiya ta yuro 30,000, kuma fasfo ya kasance da sauran wata uku bayan ranar dawowa. Ana iya nema tun saura wata shida. Otal ɗin da na kama duka masu sokewa kyauta ne, tikitin jirgi kuma ba za a biya ba sai biza ta fito. Da muka buɗe fasfo huɗun, na ƙaramar yarinyar a Oktoba zai ƙare, bai kai wata ukun ba. Litinin da safe sai ofishin fasfo na Ikeja.