Cika man giya fiye da ƙima a mota mai giyar hannu

Na daɗe ina jin masu motoci suna cewa gara man giya ya yi yawa da ya yi kaɗan. Ni ma na yarda da haka, har ranar da na ɗaga gefe ɗaya na motata da jak domin ramin zuba man ya yi sama in samu in ɗura ƙarin rabin lita. Bayan 'yan kwanaki sai ga ɗigon mai a ƙarƙashinta, da warin nan nasa mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai.

Yawancin akwatunan giyar hannu ba su da famfo, haƙoran giya ne ke tsomawa cikin man su watsa shi ko'ina. Idan man ya wuce ƙima, haƙoran sukan kaɗa shi har ya yi kumfa, kumfa kuwa iska ce, ba ta hana ƙarfe gogar ƙarfe. Zafi yakan ƙaru, man ya nemi mafita ta 'yar kafar shan iska ko ta robobin da ke tsare shi, kuma idan ya kai ga farantin kuloci, kulocin zai fara sulɓewa, gyaran da sai an sauke akwatin gaba ɗaya.

Ma'aunin yana jikin akwatin: a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a zuba har man ya fara leƙowa daga ramin zubawa, sannan a ɗaure noti. Yanzu na fi kula da nau'in man, domin man giya aji-aji ne, kuma ajin GL-5 yana iya cin sassan tagulla a akwatin da aka ƙera don ajin GL-4.