Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Baƙon Gwaggo

Assalamu alaikum. Makon jiya na yi alkawarin yau zan ba ku labarin tashinmu daga gidan gado, to ku yi haƙuri, ba shi ba ne. Shekaranjiya aka kawo mini jikata jiki zafi rau, ina ɗaga rigarta na ga ƙuraje uku a gadon bayanta, ɗaya ya ɗuro ruwa yana ƙyalli. Na ce ƙarambau ne. Tun daga lokacin muryar Gwaggo, uwar mijina, ta hana ni barci, Allah Ya jiƙanta, sai na ga gara in sauke wannan kayan tukuna.

Shekarar da darajar sefa ta karye ce, 1994. A watan Janairu aka wayi gari jaka ta zama rabin jaka, azumi kuma ya zo a cikin Fabrairu ya fita a tsakiyar Maris, daidai lokacin da zafin Garwa, a arewacin Kamaru, yake fara gasa mutum a cikin ɗakinsa. Bayan salla da 'yan kwanaki ƙanwata ta haihu a Marwa, na tafi suna. Na roƙi Gwaggo ta ba ni 'yata ta fari in tafi da ita ta ga dangin uwata, da ƙyar ta yarda, don kun san tun yaye a ɗakinta take, ni ko sunanta ba na kira. Kwana biyu muka yi. Ku riƙe wannan, kwana biyu. Mun dawo da kwana uku yarinya ta kwanta da zazzaɓi, ta ƙi abinci, washegari ƙuraje suka feso mata a ƙirji da baya da cikin gashi.

Gwaggo ta fito tsakar gida, a gaban facalolina, ta ce ga abin da na kwaso musu daga gidanmu na Marwa. Ita da take ƙanwar mahaifina, uwa ɗaya uba ɗaya, amma in ta ce "gidanku" uwata take nufi, don har suka rabu da duniya ba ta yafe wa Baba auren Bafillatana ba.

Sai ta kafa doka. "Baƙo raɓa ne," in ji ta. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wanka, ba a kai shi asibiti, don allura tana mayar da shi ciki. A rufe ɗaki, a lulluɓe yarinya, a ba ta kunun kanwa, da kansa zai yi sallama. Baƙo raɓa ne. A wannan makon na ji maganar nan ta fi a ƙirga.

Zan yi mata adalci a nan, ko da ita ba ta yi mini ba. Gwaggo ta ga agana da idonta, zanzanar fuskarta shaida ce, kuma ta sha gaya mana yadda ta ɗauke musu yara biyu a gida ɗaya. Sai a 1980 aka sanar cewa agana ta ƙare a duniya, wanda ya ganta kuwa bai yarda ba har ya mutu. A wurinta duk abin da ya feso a jikin yaro ɗan'uwan agana ne, ko baƙon dauro. Alhali ba su da haɗi. Ƙurajen agana sun fi yawa a fuska da hannu da ƙafa, kuma tare suke nuna. Baƙon dauro da tari da majina da jan ido yake zuwa, ƙurajensa ba sa ɗurar ruwa. Shi ƙarambau daga gangar jiki yake farawa, yana fitowa kashi-kashi, a tafin hannu ɗaya na fata sai ki ga jan tabo, ki ga mai ruwa, ki ga wanda ya fashe ya yi ɓawo. Yanzu kuma ga ƙyandar biri ta shigo lissafi, ita kaluluwa take kumburawa, shi ya sa ko na gane na jikata sai da na ce a kai ta a duba.

Dare na uku na ji kukan yarinyar ta bango. Ɗaki a rufe, rufin kwano, ga bargo. Na jira Gwaggo ta shiga banɗaki da asuba na ɗauko ta. Ta sosa jikinta har farcenta ya yi jini, wasu wuraren sun fara ɗiwa. Na dafa ganyen darbejiya na sirka ya yi sanyi-sanyi, na zuba mata ba tare da cuɗa ba, na tsane ta da tsohon zane, na yanke mata farce, na sa mata 'yar shimi. Ta yi barcin da ba ta yi ba kwana uku. A kan haka Gwaggo ta ce ba ni da kunya, 'yar fari guda na ɗauka a gaban jama'a, ta ce duk abin da ya biyo baya alhakinsa a wuyana.

Wannan yarinyar ita ce yau take aikin jinya, ita ce kuma ta warware mini abubuwa da yawa da na yi shekaru ina haɗiya. Ta ce wankan da na yi mata daidai ne, rashin wanka da susa ne suke sa ƙuraje su ruɓe su bar tabo, ga na gefen girarta nan har yau. Amma ta ce akwai kuskuren da ni ma na yi. Na aika wurin mai teburin magani na bakin layi ya ba ni asfirin, na jiƙa na ba ta. Ashe ba a ba yaro mai ƙarambau asfirin sam, yana iya jawo wani ciwo da yake taɓa hanta da ƙwaƙwalwa, ko ibufurofen ma ba a so. Farasitamol ne na zazzaɓi, kalamin ɗin nan mai kama da ruwan farar ƙasa na ƙaiƙayi, sai ruwan sha da yawa da abinci mai laushi mara yaji in ya fito a baki. Ranar da ta gaya mini sai da na yi nafila. Allah ne Ya tsare, da Gwaggo ta samu abin faɗa na gaskiya.

Sati biyu cif bayan nan, yara huɗu a gidan suka kwanta, sai kuma maigidan. Shekararsa talatin da takwas, bai taɓa yi ba, ga shi da taba kamar me, direbobin motar auduga kuwa kun san su. Yaran suna wasa da nasu a tsakar gida, shi ko tashi ba ya yi. Babu wurin sa allura a jikinsa, har cikin maƙogwaro da fatar ido. Rana ta uku ya fara tari, numfashi yana yi masa wuya, in ya yi magana sai ya tsaya a tsakiya. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa da carbi. Baƙo raɓa ne. Ta ce ruwan wankan da na zubar ya tsallaka, shi ya sa nasa ya yi tsanani.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi wa Allah ki bari a kai shi." Ta ce, "Ɗana ne ko naki?" Ban sake magana ba. Na aika aka kira ƙaninsa daga kasuwa, ya zo ya ga leɓen yayansa ya sauya launi, bai tambayi kowa ba ya tare mota.

Likita ya ce varisel ce, haka suke kiransa da Faransanci, kuma ta sauka a huhu. Ya ce a wurin yaro abin kwana bakwai ne, a wurin babba kuwa, musamman mai shan taba, yana kisa. Ya tambaya ko akwai mai ciki a gidan. Akwai, ƙaramar facalata, wata bakwai. Ya ce a fitar da ita yau, don mai ciki ita ma huhunta yake nema, in kuma ya fito mata dab da haihuwa jaririn yana cikin haɗari. Kwana goma sha ɗaya muka yi. Magani ya ninka kuɗi saboda karyewar sefa, na sayar da 'yan kunnena na zinariya da tasoshi shida na jerena. Ba wanda ya mayar mini, kuma a gidan ba wanda ya taɓa ambatonsu. Yanzu 'yata tana cewa in babba ya ga ƙurji na farko ya je a ba shi maganin da ake kira asiklobir a cikin kwana ɗaya, kada ya jira. Mu mun jira kwana uku saboda darajar baƙo.

A asibitin ne wata ma'aikaciya, Bamasa ce daga Yagwa, ta ganni ina kuka a baranda na ba ta labari. Ta ce in ƙirga mata kwanaki. Na ce biyu a Marwa, uku a gida. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ciwon nan ba ya fitowa sai ya kwana goma zuwa ashirin da ɗaya a jiki, galibi sati biyu. Kwana biyar bai isa ba. A Garwa ta ɗauka, ta kai muku Marwa." Haka kuwa abin yake. Da na bincika, makarantar allon da Gwaggo da kanta ta sa yarinyar ciki, rabin almajiran sun yi kafin salla. Iska ce take ɗaukarsa, tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su fito yaro yake rabawa, har sai duk sun yi ɓawo.

Na dawo gida da lissafina a baki. Na ce sai na faɗa a tsakar gidan nan inda aka faɗa mini. Mai gidan ya ce in rufa masa asiri, uwa ce. Na haɗiye. Facalolina sun ci gaba da kiran abin "tsarabar Marwa" har muka tashi.

Gwaggo ta tsufa a hannuna, wannan labarin wani mako ne. Shekara biyu kafin rasuwarta ta fara kukan zafi a haƙarƙarin dama, kamar ana zuba mata garwashi, sai ƙuraje masu ruwa suka jeru daga baya zuwa ƙarƙashin nono. Mata suka ce in ya zagaye ya haɗu shi ke nan. 'Yata ta ce ba ya zagayewa, jijiya ɗaya yake bi, zona ake ce masa, kuma ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yana yaro, take kwanciya a jijiya shekara da shekaru, in ƙarfi ya ja baya ta farka. Ni na riƙa yi mata wanka. Ina zuba ruwa ina cewa a zuciyata, Gwaggo, ashe baƙon naki ba raɓa ba ne, ɗaki ya kama. Ban furta ba. Ita ma ba ta hana wankan ba, sai dai ta riƙa kau da kai.

Akwai allurar rigakafi, a Japan aka fara haɗa ta, Amurka ta fara yi wa yaranta a 1995, shekara guda bayan wahalarmu, sau biyu ake yi. Ba ta cikin waɗanda ake yi kyauta a wurin awo a nan, da kuɗinka za ka nema. Na tambayi surukina ko ya taɓa yin ƙarambau, ya ce bai sani ba, na ce ya buga wa uwarsa waya yanzu a gabana. Ta ce bai yi ba. Ga shi ya ɗauki yarinyar ya yi ta wasa da ita ranar da zazzaɓin ya fara. 'Yata ta ce allurar tana iya taimakawa in an yi ta cikin kwana uku zuwa biyar da haɗuwa, yau da safe ya tafi nema, ni kuma na sa wa kalanda alama, yau kwana biyu.

Labarin tashinmu sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.