Abin da aikin ɗanɗana soyayyen dankalin leda ya koya mini

Soyayyen dankalin leda mai gishiri zalla abu uku ne a cikinsa: dankalin turawa, mai da gishiri. Shi ya sa duk mai son sanin ƙwarewar masana'anta da shi yake farawa, don babu yaji ko garin albasa da zai rufe aibi. In dankalin ya sha sanyi a ma'ajiya, launi zai tona. In man ya tsufa, hanci zai faɗa kafin harshe. Amma da zarar an jera ledoji daga ƙasa biyar ko shida a kan tebur ana son a ce wace ƙasa ta fi, sai matsala ta kunno kai, domin yawancin abin da ake ɗauka bambancin ƙasa ne, bambancin shekarun leda ne ko na yadda aka shirya ɗanɗanon.

Abu na farko da aikin nan ya koya mini ke nan: a duba kwanan wata kafin a buɗe komai. Ledar Walkers da ta fito daga masana'antarsu ta Lesta a Ingila makonni biyu da suka wuce ba tsarar ledar Calbee ba ce da ta taso daga Japan a kwantena, ta yi zaman tashar jirgin ruwa, sannan ta kwashe watanni a kan kanta cikin zafin Kano ko Yamai. Kwanan watan ma sai an yi hattara wajen karanta shi. Ingila da Faransa rana suke fara rubutawa, Amurka wata, Japan shekara. Lamba irin 03/08 a ledar Ingila 3 ga Agusta ce, a ta Amurka kuwa 8 ga Maris. A nemi ledojin da sauran wa'adinsu ya yi kusa da juna, sannan a danna kowace a hankali da tafin hannu. Iskar da ke ciki naitrojin ce, ana hura ta don a kori iskar da ke lalata mai, kuma ta kare dankalin daga murƙushewa. Ledar da ta saki a hannu ta huje, a cire ta daga gwaji.

Shirin tebur ba shi da wahala, amma kowane mataki da dalilinsa. Kada samfuri ya wuce biyar ko shida a zama ɗaya, domin bayan haka gishiri da maiƙo sun gama dakushe harshe, na bakwai da na takwas duk ɗaya za su zama. Wanda ya buɗe ledoji ba ya cikin masu ɗanɗanawa. Shi ne zai juye kowace leda gaba ɗayanta a roba, ya juya a hankali, saboda gishiri da ɓurɓushi ƙasa suke taruwa, wanda ya ɗiba daga saman leda da wanda ya ɗiba daga gindinta ba abu ɗaya suka ci ba. Daga nan ya zaɓi yanka uku ko huɗu cikakku masu girma ɗaya ga kowane mutum, a cikin fararen kwanoni iri ɗaya. A liƙa wa kowane kwano lamba mai alƙaluma uku da ba ta nufin komai, kamar 482 ko 917. Idan aka sa 1, 2, 3 ko A, B, C, mutane kan fifita na farko ba tare da sun sani ba. Jerin ma a riƙa sauya shi daga mutum zuwa mutum, don samfurin da aka fara ci kusan kullum yakan fi jin gishiri, wanda ya biyo bayan mai gishiri sosai kuma sai ya zama lami.

Tsakanin samfuri da samfuri a kurkure baki da ruwan da ba na firji ba, a jira minti ɗaya ko biyu. Ruwan sanyi yana daskarar da maiƙo a ganɗa. In maiƙon ya ƙi tafiya, ɗan yankan tuffa ko ɓallin burodi marar sukari yana ɗauke shi. Awa ɗaya kafin zama ba goro, ba taba, ba shayi mai kauri, kuma ba turare a jiki. Hantsi ne lokacin da ya fi, lokacin da karin kumallo ya faɗa amma yunwa ba ta kama ba.

Akwai kuma yanayin gari, wanda mu nan ya shafe mu sosai. Dankalin yana fitowa daga tukunyar suya da danshin da bai kai kashi 2 cikin 100 ba, don haka yana zuƙar ruwan iska da gaggawa. A cikin Agusta, kwanon da aka bari a buɗe rabin awa ya riga ya fara saki. Da hunturu zai daɗe yana ƙaras-ƙaras. Ƙa'idar ita ce a buɗe dukkan ledoji lokaci guda, a gama ɗanɗano cikin minti 15 zuwa 20. Ɗakin kuma ya yi tsit, a kashe fanka mai ƙara, a nisanci janareta. A 2004 Massimiliano Zampini da Charles Spence sun yi gwaji a Jami'ar Oksfod, suka sa wa mutane abin saurare a kunne suna cin Pringles. Da aka ƙara ƙarar cizon sai masu ci suka ce ya fi sabunta da ƙaras-ƙaras, alhali dankalin bai canza ba. Kunne yana cikin kayan aikin ɗanɗano.

Hanci ne kan gaba. Lafiyayyen dankali ƙanshin suya yake yi da ɗan garɗi. Wanda mansa ya lalace yana da gafi irin na tsohon ƙuliƙuli, wani lokaci har da wari mai kama da fenti ko kwali. Zafi da haske ne ke gaggauta wannan, dalilin da ya sa cikin leda yake da rufin azurfa-azurfa. Leda mai garai-garai da ake hango dankalin ta cikinta tana da kyan gani a kanti, amma abin cikinta ya fi saurin yin gafi. Bayan hanci sai ido, sannan a karya yanka ɗaya kusa da kunne, a ciza da haƙoran gaba, a tauna da turame, a haɗiye, a ƙirga daƙiƙa 30 a ji me ya rage a baki. Yawancin bambancin mai a waɗannan daƙiƙu 30 yake fitowa.

Batun gishiri shi ya fi ruɗar da mutane, kuma a nan na fi daɗewa kafin in gane. Rubutun bayan leda ba salo ɗaya ba ne. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai suna rubuta gishiri a giram 100. Amurka tana rubuta sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, da miligiram, a kan awon giram 28. Don a daidaita su sai a yi lissafi: in leda ta ce miligiram 170 a giram 28, to a giram 100 ya kama kusan miligiram 607, a ninka da 2.5 don a mayar da sodiyam gishiri, ya ba da kusan giram 1.5 na gishiri. Da an yi wa kowace leda wannan lissafi za a ga yawancinsu tsakanin giram 1 da 2 suke, ratar ba ta kai yadda harshe yake faɗa ba.

To me ya sa ɗaya ke cizon harshe, ɗaya kuma kamar ba a barbaɗa masa komai ba? Girman ƙwayar gishirin ne. Gishirin da aka niƙa luƙui yana narkewa nan take a miyau, sai a ji shi gaba ɗaya a cizon farko. Mai manyan ƙwayoyi yana narkewa a hankali, wani ma a haɗiye shi bai narke ba, wani ya kakkaɓe ya faɗa gindin leda. Kaurin yanka ma yana shiga ciki, domin gishirin a fuska yake zama, kuma siririn yanka ya fi faɗin fuska a kowane giram. Ana barbaɗa shi ne da dankalin ya fito daga mai yana da zafi, man saman shi ke riƙe shi, don haka dankalin da aka rage wa mai ba ya riƙe gishiri da kyau. A ɗauki yanka ɗaya a ɗaga shi wajen taga, a karkata shi: gishiri mai laushi kamar hazo yake a kai, mai ƙwayoyi kuwa za a ga yana ƙyalli ɗaiɗai, wani gefen da yawa wani gefen fayau. Shi ya sa ba a yanke hukunci da yanka ɗaya. Kamfanin Smith's, wanda Frank Smith ya kafa a Landan a 1920, a da babu gishiri yake sayar da dankalinsa, sai ɗan ƙullin gishiri a shuɗiyar takarda a cikin leda, mai ci ya barbaɗa da kansa ya girgiza. Rubutun da ke cewa gishirin teku ne, ko na garin Gerand da ke gaɓar tekun Faransa, wanda kamfanin Brets na ƙasar ke amfani da shi, ba ya canza asalin ɗanɗano sosai a wannan ɗan adadi. Abin da harshe ke ji siffar ƙwayar ce.

Sai a karanta jerin kayan haɗi da kyau. Wasu ledojin Japan da aka rubuta masu ɗan gishiri suna da sinadarin ƙara ɗanɗano dangin farin magi. Cinsu yana da daɗi, baki yana cika, amma ba gishiri zalla ba ne, kuma in ba a rubuta hakan a takardar gwaji ba sai a ɗauka dankalin tsibirin Hokkaido na Japan ne ya yi wannan aikin. Pringles kuwa ba ya shiga wannan jeri sam. Ba yankan dankali ba ne, kwaɓin garin dankali ne da wasu garuruka da ake murzawa a yanka da ma'auni, dankalin cikinsa kusan kashi 42 cikin 100.

Mai shi ne kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin abin da ake ci, don haka shi ne ainihin bambancin ƙasa da ƙasa. Ingila ta fi karkata ga man furen rana da man kanola, masu sauƙi da saurin barin baki. Amurka tana gauraya man masara, kanola da furen rana. A Indiya da ƙasashen Asiya da dama tataccen manja ne, yana jure zafin suya da daɗewa a kanti, amma yana barin ɗan rufi a ganɗa. Japan tana haɗa shi da man dussar shinkafa. A Sifen akwai masu suya da man zaitun, irin su Bonilla a la Vista na yankin Galisiya da ke sayar da nasu a gwangwani. A ganina wannan shi ne mafi garɗi in sabo ne, sai dai ɗan ɗacin da man zaitun ke bari a maƙoshi ɗabi'arsa ce, kuma sabon mai ɗanɗanawa yakan rubuta shi a matsayin aibi. Sunan kamfani ma ba ya nuna ƙasa. Walkers da Lay's duk na PepsiCo ne, kuma Lay's ana soya shi a ƙasashe da yawa, kowace da man da dankalin da take samu. A nemi inda aka rubuta ƙasar da aka yi shi a bayan leda.

Taurin cizo daga yanka da salon suya yake zuwa. Wanda aka saba gani ana yanka shi kusan milimita 1.2 zuwa 1.5, a wanke sitacin da ke fuskarsa, ya bi ta cikin doguwar tukunya mai zafin digiri 175 zuwa 185 na minti biyu zuwa uku. Yana fitowa fari-fari, shimfiɗaɗɗe, yana narkewa a baki. Irin na Kettle da Cape Cod a Amurka ya fi kauri, ba a cika wanke sitacinsa ba, kuma kashi-kashi ake zuba shi a tukunya. Da an zuba sai zafin man ya faɗi, ya sake hawa a hankali, suyar ta ɗauki lokaci mai tsawo, sai ya fito a nannaɗe da tauri da ƙara mai ƙarfi. Haɗa waɗannan biyu a jeri ɗaya a tambayi wanne ya fi ƙaras-ƙaras zalunci ne ga siririn. A raba su rukuni biyu.

Launi kuwa labarin dankalin ne. Masana'antu suna neman iri mai yawan sitaci da ƙarancin sukari: Lady Rosetta da Hermes a Turai, Atlantic da Snowden a Amurka, Toyoshiro a Japan. In aka ajiye dankali a sanyin da ya yi ƙasa da digiri 6 ko 7, sitacinsa yana juyawa sukari, sukarin ya ƙone a mai, yankan ya yi duhu da ɗaci. Don haka ake ajiye na suya wajen digiri 8 zuwa 10. Duhun nan yana tafiya da sinadarin akrilamaid da ake gudun illarsa ga lafiya, wanda masana a Suwidin suka bayyana samunsa a soyayyen abinci a 2002, har Tarayyar Turai ta sa ma'aunin maikrogiram 750 a kowane kilo a 2017. Koren gefe alamar dankalin ya sha haske ne, baƙin tabo kuma buguwa ce wajen girbi ko lodi. Masu ƙananan masana'antu da ke sayen dankalin Bokkos da Mangu a Filato suna haɗuwa da wannan kai tsaye: iri kamar Nicola yana da daɗin dafawa, amma ruwansa ya fi yawa, yana shan mai, kuma yana saurin yin ja. In dole da shi za a yi, a yanka siriri, a wanke sau biyu, a ɗan tsoma a ruwan zafi minti ɗaya zuwa biyu don a rage sukarin fuska, a tsane shi sosai kafin ya shiga mai.

In gardama ta tsaya a kan samfuri biyu, misali Lay's na ƙasa biyu, wasu na cewa ɗaya ne wasu na cewa daban, akwai gwajin kwano uku. A ba kowane mutum kwano uku, biyu daga leda ɗaya, ɗaya daga ɗayar, a ce ya nuna baren, ko da zato ne. Mai zato kawai yana dacewa sau ɗaya cikin uku, don haka ba a yarda akwai bambanci sai adadin masu dacewa ya haura haka sosai: 8 cikin mutum 12, 10 cikin 18, ko 13 cikin 24. In launin samfuran ya bambanta, a yi gwajin ƙarƙashin jan ƙwan lantarki don ido ya daina taya harshe. Kowa ya rubuta amsarsa shi kaɗai kafin a yi magana, domin da mutum ɗaya ya ce "wannan ya fi gishiri", rabin tebur zai ji haka. A takardar kuma a ware gishiri, tauri, maiƙo, garɗin dankali da gafi, kowanne da makinsa daga 0 zuwa 10, sannan tambayar wanne ka fi so ta zo a takarda daban, bayan an karɓe ta farkon.