Dattijo da keke a gangaren dutse

Da safiyar yau a gangaren dutse bayan gari, wani dattijo da furfura ta cika masa gemu ya iso inda tsakuwa ta yi yawa, ya tsaya cak. Samari suka wuce fuu. Shi kuwa ya sauka, ya danna tayar gaba da babban yatsa, ya ɗan rage iska, ya sassauto da sirdi, sannan ya tura keken da hannu har ya wuce wurin kafin ya sake hawa. Wallahi abin ya burge ni. Taya mai iska tam tsalle take yi a kan tsakuwa, mai ɗan laushi ita ke kama ƙasa. Sirdi a ƙasa yana ba mutum damar mayar da nauyin jikinsa baya, don in aka cafke birkin gaba da ƙarfi a gangara, ta saman kan keke mutum zai wuntsila.

Bayan shekara 60 ƙashi ya fara rauni, faɗuwar da saurayi zai kaɗe riga ya tashi tana iya karya wuyan hannu ko ƙugu. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, in ya bugu a kai ko da hular kwano, asibiti zai nufa a ranar. Hular da ta sha bugu kuma a sauya ta. Ina fatan baɗi in sake ganin dattijon nan a kan wannan hanyar.