Ɗaukaka Ƙara Ba Ya Tsayar Da Gwanjon Gidan Jingina

Abin da ya fi damuna game da shari'o'in jinginar gidaje a Nijeriya shi ne yadda mutane da yawa suke ɗauka cewa da zarar lauyansu ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara, to banki ba shi da ikon taɓa gidan har sai an kammala shari'a. Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 17 na dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya bayyana cewa ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya dakatar da aiwatar da hukunci, saboda haka wanda babbar kotu ta ba da umarnin sayar da gidansa dole ne ya nemi umarnin dakatarwa na daban, da farko a kotun da ta yanke hukuncin, idan ta ƙi kuma sai ya nema a sama. Alƙalai ba sa bayar da shi cikin sauƙi, kuma sau da yawa sukan gindaya sharaɗin a ajiye kuɗin bashin a hannun magatakardar kotu, wanda kuwa ya kasa biyan banki da wuya ya iya cika wannan sharaɗi.

Lokaci ma yana da iyaka. Sashe na 24 na wannan doka ya ba da wata 3 don ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe, amma kwana 14 kacal idan umarni ne da aka bayar ana tsakiyar shari'a.

Idan kuma ma'aikatan kotu sun riga sun yi gwanjon gidan, akwai wata ƙofa ƙarama wadda a ganina ita aka fi sakaci da ita. Sashe na 47 na dokar Sheriffs and Civil Process Act, wato dokar da ta tsara yadda ake aiwatar da hukuncin kotu, ya ba da kwana 21 daga ranar sayarwa domin a nemi kotu ta soke cinikin saboda babban kuskure a yadda aka gudanar da shi, alal misali rashin sanarwar da ta dace. Nuna kuskuren kaɗai bai isa ba, sai mai ƙorafi ya tabbatar da cewa kuskuren ya jawo masa asara mai yawa. Da kwanakin nan suka wuce ba a shigar da komai ba, ciniki ya tabbata, mai saye ya karɓi takardar shaida. Abin takaici shi ne a daidai waɗannan makonni uku ne iyalai suke zaryar neman dattawan da za su roƙi manajan banki, alhali maganar ta riga ta bar hannunsa.

Wasu kan dogara da batun amincewar gwamna. Gaskiya ne sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya wajabta samun amincewarsa kafin a jinginar da fili mai takardar mallaka, kuma a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta ce jinginar da ba ta da wannan amincewa ɓatacciya ce. Sai dai a wasu shari'o'in da suka biyo baya alƙalai sun ƙi yarda mutumin da ya ci bashi, wanda shi ne doka ta ɗora wa neman amincewar, ya dawo ya fake da rashinta. Ni ma ban ga adalci a wannan dabara ba, kuma ko da ta yi nasara, jinginar ce kawai za ta rushe, bashin yana nan a wuyan mai gidan.