Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ƙarar da Ta Hana Ni Barci

A makon jiya mun tsaya a ranar da na karɓi makullin babur ɗina na farko, ɗan ƙarami mai inji 125, na hannu, wanda ya riga ya ci ƙasa kafin ya zo hannuna. Kwana goma sha ɗaya na yi ina hawansa cikin murna. A na goma sha biyu ƙarar ta fara.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas, daga can ƙasa wajen ƙafata ta hagu. In na ja totur sai ta lafa, in na saki sai ta dawo, in kuwa na faɗa rami sai ka ce an doka ƙarfe a jikin gwangwani. A lokacin ban san komai game da babur ba sai zuba mai da buga kik. Duk abin da ya yi ƙara, a wurina inji ne. Ga shi kuma tarin shekara biyu na zuba a kansa. Daren nan juyi kawai na yi ta yi har gari ya waye.

Da safe na nufi wajen Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda tun ina yaro nake ganinsa yana gyaran babur ɗinsa da hannunsa. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, ina jin injin nan ya tafi."

"Wa ya faɗa maka inji ne?"

"Ƙara yake yi."

"To, ƙarar inji take bi ko taya?"

Na yi shiru. Ban taɓa sanin akwai irin wannan tambaya ba. Ya sa na ɗora babur a kan babban jek, na sa shi a firi, na tayar, na ja totur sau uku. Babu ƙwas ko ɗaya. Sai ya ce in hau in ɗan yi gudu, in kama kuloci, in bar shi ya gangara da kansa. Inji ya sauko ya koma silo, amma ƙarar tana nan, tana raguwa daidai da yadda gudun ke raguwa. Da na dawo ya ce, "Ka ji ko, ɗana? Abin da ke bin totur, a inji ake nemansa. Abin da ke bin gudu, ka duba sarƙa, ka duba boris ɗin taya, ka duba birki." Har yau da wannan tambaya nake fara binciken kowace ƙara.

Ya kwance murfin sarƙa. A cikinsa ga wani dogon layi yana ƙyalli, wurin da sarƙar ta daɗe tana bugu har ta cinye fenti. Ita kanta ta bushe ƙamas, ta yi ja da tsatsa. Ya sa yatsa a tsakiyar layin sarƙar na ƙasa ya ɗaga, ta tafi sama kusan santimita biyar. Littafin babur ɗin kuwa milimita 20 zuwa 30 ya ce. Kawu yana da tafiya ranar, sai ya ce in bari sai Asabar mu yi tare, kafin nan in rage gudu.

Ban iya jira ba. Da yamma na ari sifana, na sassauta babban notin tayar baya, na yi ta murɗa ƙananan notocin da ke jan taya baya, wannan gefe kaɗan, wancan gefe da yawa, ba tare da lissafi ba. A tunanina tunda sako-sako ne ciwon, ai maganinsa ɗaurewa tamau. Na ja ta har ta zama kamar tsirkiyar baka. Ƙwas-ƙwas ta ɗauke, na ji daɗi ƙwarai.

Washegari wata sabuwa ta fito, wani zuuu siriri mai ƙaruwa da gudu. Babur ya yi nauyi kamar ana riƙe shi ta baya. Da na tsaya na kai hannu kusa da birkin baya, zafi ne ya kore ni.

Ranar Asabar Kawu ya taɓa sarƙar sau ɗaya, ya ɗago ya dube ni. Bai yi faɗa ba, amma fuskarsa ta canza. Ya ce wannan ya fi na farko haɗari. Tayar baya tana hawa tana sauka a kan hanya, kuma duk hawan da ta yi, tazarar da ke tsakanin ƙaramin faifan haƙora na gaba da babba na baya tana canzawa. Ɗan sakin da ake bari, saboda wannan motsi ne. In babu shi, ƙarfin jan yana komawa kan boris ɗin da ke bayan ƙaramin faifan, ya cinye shi, robar da ke tare baƙin mai ta fara yoyo, wata rana ma sarƙar ta tsinke ana cikin gudu. Zafin birki kuma, ja da tayar baya da na yi ne ya ɗame sandar birkin, na yi ta yawo yana kame.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya fara aikin. Kafin ya taɓa komai, ya zare makulli ya jefa a aljihu. Ya ce akwai masu sa giya su bar inji yana juya taya don su goge sarƙa da sauri. Tsumma ne ke fara kamuwa, yatsu su bi shi cikin haƙora. Ba a yi, ko sau ɗaya.

Muka wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, yana juya tayar da hannu. Ya ce akwai sarƙa mai ƙananan zobban roba da ke riƙe giris a cikin gaɓoɓinta, irin wannan fetur ɓata ta yake yi. A gefen gaɓoɓin tawa na ga an buga 428. Ya ce in riƙe lambar don ranar saye. Daga baya na gane 4 ɗin farko tazarar gaɓa ce, rabin inci, wato milimita 12.7. Ya nuna mini ɗan maƙullin da ke haɗa bakin sarƙa, ya ce rufaffen kansa ne ke fuskantar inda sarƙar ke tafiya, don kada wani abu ya ture shi ya fita.

Sai awo. Ashe sarƙa ba ta cinyewa bai ɗaya. Yana juya taya a hankali yana taɓawa, nan sako-sako, can a ɗame. A wuri mafi ɗamewa ake aunawa, ni kuwa inda na tarar da ita kawai na ja. Ya daidaita zanen da ke gefe biyu na ƙarfen da ke riƙe tayar har suka zo ɗaya, domin a baya na karkatar da ita. Ya ɗaure babban noti, ya sake aunawa, ya sa na sauke babur na zauna a kai ya sake taɓawa, sannan ya gyara birki. Mai kuma ta cikin layin ƙasa ya ɗiga shi, gaɓa-gaɓa, ya goge rarar, don in ya yi yawa yashi yake kamawa ya koma yana niƙa ƙarfe. Ya ce duk kilomita 500 ko makamancin haka in maimaita, da duk ranar da ruwa ya dake ni, kuma ya fi shiga in an dawo daga tafiya sarƙa na da ɗumi.

A ƙarshe ya kama sarƙar ta can bayan babban faifan ya ja. Ta ɗago har kusan rabin haƙori ya bayyana, haƙoran ma sun fara lanƙwasa gefe guda kamar ƙugiya. "Kwananta ya kusa ƙarewa. Ranar da za ka canza, ka canza ta tare da faifan biyu, in ba haka ba tsohon haƙori zai cinye sabuwar."

Na tayar da babur. Wajen sarƙa ya yi tsit, kuma cikin wannan shirun ne kunnena ya kamo wani tik-tik-tik daga saman inji, yana sauri in na ja totur. Na ce, "Kawu, wannan kam totur take bi." Ya ɗora bakin sukudireba a kan murfin saman injin, ya manna kunne a mariƙin, sannan ya miƙo mini in ji da kaina.

"Tafet ne, ƙarfen da ke danna bawul a saman inji. Shi sai inji ya kwana ya huce ake auna shi. Gobe da sassafe ka turo shi da ƙafa, kada ka tayar."

Mu haɗu a mako mai zuwa.